Shekarar da Jirgin Leƙen Asiri Ya Faɗo a Gonar Bello

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata a ƙauyenmu na ƙasar Gwandu, na rubuta yadda na shiga soja da yadda na auri mahaifiyarku, amma duk sanda alƙalami ya iso kan Baffanku Bello sai in ajiye in ce bari in yi alwala tukuna. Yanzu idona ya soma gazawa, likita kuma ya daina ɓoye mini abin da yake gani a ƙirjina. Gara ku ji daga bakina da ku ci gaba da tsintarsa a bakin mutanen kasuwa. Na san abin da ake faɗi. Ana cewa Saje Garba ya sayar da ƙanensa don a rataya masa lambar yabo. Ba wanda ya rataya mini komai, ko takardar godiya ban gani ba. Sai dai wannan bai wanke ni ba, kuma ba don in wanke kaina nake rubutun nan ba.

Kun san a ɓangaren sojan sama na yi aikina, amma ban taɓa tuƙa jirgi ba. Aikina zama ne a ɗaki mai sanyi, gaban allon na'urar da ke hango duk abin da ya ratso sararin ƙasa. Ɗigo ne kawai yake bayyana, ni kuma in tantance namu ne ko baƙo ne, in sanar da na gaba da ni. Tun ina sabon shiga aka cusa mana cewa sama ma tana da iyaka kamar gona, kuma wanda ya ga baƙo ya ƙetare ta ya yi shiru, da shi da ɓarawon duk ɗaya ne. Na yarda da wannan magana kamar yadda na yarda da sunana. Da ita na yi ritaya, da ita na zo Kalgo na gina gidan nan da kuke ciki, na kama 'yar fadamar shinkafa ina lallaɓawa.

Bello kuwa bai taɓa barin gida ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme shi da shekara tara. Shi ya zauna a gidan gado da Inna, can kan hanyar Dalijan, yana noman gero da damina, albasa da rani, in Layya ta matso kuma ya ƙetara iyaka ya sayo raguna. A wajen fataucin nan ya ga Hadiza ya aura, danginta duk suna can ƙetare. Mutum ne mai yawan dariya, wanda in ya shigo zaure sai kowa ya gyara zama don ya san za a sha labari. Ko ni bai bari ba. In na je gida sai ya ƙame a bakin ƙofa ya sara mini da sandar kiwo, ya ce Yaya Saje ya iso, kowa ya shiga taitayinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, gwamnatinmu da ta ƙasar su Hadiza suka shiga takun-saƙa. Aka rufe iyaka, kowane gidan rediyo yana zagin ɗaya ɓangaren. Da damina ta yi tsakiya sai wani abu ya fara ratsa samanmu. Ba ka cika ganinsa ba, sai dai ka ji ƙara siririya kamar injin niƙa a unguwa mai nisa, in ka ɗaga kai ka dage sai ka hango fari-fari ɗan mitsitsi yana tafiya a hankali. Daga arewa yake fitowa, ya yi kewaye, ya koma. Ina tsaye a fadama na fara ganinsa, kuma tun ranar na san jirgi ne marar matuƙi, na kuma san ba namu ba ne, don namu ba su da dalilin bin wannan hanya. Na ji zafin abin ƙwarai. Shekaru na kwashe ina gadin sararin nan, ga shi baƙo yana yawo a cikinsa kamar gidan ubansa, ba mai ce masa kanzil.

Bayan an yanke gero, dawa ba ta kai ga nuna ba, ran wata Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara. Bello ne, yana haki yana dariya.

"Yaya, kana ina? Abin ga da ka yawo bisa kanmu, ga shi nan kwance cikin gonata."

"Wane abu?"

"Tsuntsun mana! Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, ya taho awa shirwa ya daki ƙasa. Saura kaɗan shi kashe min jaki."

Na ce kada ya taɓa komai, ga ni nan. Na hau mota zuwa Gwandu, daga can na hau babur ɗin haya, kabu-kabu. Ban isa ba sai bayan azahar, kafin nan kuwa ya riga ya taɓa. Mutane sun yi dafifi daga Kambaza har Dodoru, wasu da guduma wasu da filaya, kowa yana son ya ɓalli rabonsa. Shi ya sa Bello ya ɗaura wa shanunsa amalanke, aka taimaka masa aka ciccibo jirgin, ya kai bayan gida ya lulluɓe da karan gero. Ya yaye mini karan na duba. Fiffike ɗaya ya karye, ɗayan kuwa ya fi zaurenmu tsawo. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani dunƙule kamar ƙwarya, da idon gilashi a tsakiya, wanda da shi yake ɗaukar hoton duk abin da ke ƙasa. Rubutun da ke jikinsa ba irin namu ba ne.

Muka zauna a tsakar gida, gindin darbejiya, ni da Bello da Inna, Hadiza tana daga bakin madafa tana ji. Inna ta tsufa a lokacin amma hankalinta garau. Ita ta fara magana.

"Ku ja shi ku jefa tsohuwar rijiyar bayan gari, ku rufe da ƙasa. Abin da duk ya faɗo daga sama in ba ruwa ba, ba alheri na ba."

Na ce, "Inna, rabin ƙasar Gwandu sun gan shi. Ko mun binne shi labari ya riga ya tafi. Kuma wannan ba namu ba ne da za mu yi yadda muke so da shi, maganar ƙasa ce."

"Ƙasa ta san da mu?" in ji ta. "Sanda ɓarayi sunka kore shanun Ardo, ƙasa ta zo?"

A ganina tsohuwa ce ba ta san yadda hukuma take aiki ba. Nan Bello ya ciro wayarsa yana murmushi ya miƙo mini. Ashe tun a gona ya sa an ɗauke shi hoto, ƙafa ɗaya a kan fiffiken, hannu a ƙugu kamar maharbin da ya kayar da ɓauna. Bai tsaya nan ba, ya tura hotunan ga yayan Hadiza a ƙetare, ya haɗa da saƙon murya. Ya kunna mini. Muryarsa ce tana cewa, suruki, ga tsuntsunku ya sauka gidana lafiya, ku taho ku ɗauki abinku kafin in yanka shi. Wasa ne irin na surukai da suka saba cin kasuwa tare, duk wanda ya san Bello ya san haka. Amma Hadiza ta taso daga madafa, abin da ba ta saba yi ba in ina zaune, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, don Allah ka ce shi goge abin ga. Ni na san mutanen gwamnati, namu da naku duk ɗaya su ke. Ba su san wasa ba."

Bello ya dube ni, yatsansa a kan wayar. Kalma ɗaya yake jira. 'Ya'yana, a nan ne abin ya lalace, kuma ni na lalata shi. Na ce masa kada ya kuskura. Na ce mai gaskiya ba ya goge komai, wanda ya goge shi ne ake zargi, kuma masu binciken nan suna da na'urar da ke tono abin da aka share. Na ce ya bar mini komai, ni na san gidan soja ciki da waje, yaran da na koya wa aiki su ne manya yanzu. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To, Yaya ya faɗi." Hadiza ta tashi ta koma madafa.

Na kira wani hafsa da na raina a aiki tun bai san inda ake kunna na'ura ba. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce Baba Saje, abin da ka yi shi ne daidai. Washegari da safe suka iso da babbar mota, shi da mutanensa. Suka gaida Inna da ladabi, suka sha furar da Hadiza ta dama, suka auna wurin da jirgin ya faɗi, suka loda shi. Hafsan ya riƙe hannun Bello ya yi masa godiya a gaban jama'a. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji kaina ya yi girma. Kafin su tafi ya ce in rubuta rahoto, na zauna a zaure na cika shafi uku da hannuna, kamar yadda aka koya mini, ba ragi ba ƙari. Na rubuta cewa Bello ya ɗauke jirgin daga inda ya faɗi. Na rubuta maganar hotuna. Na rubuta saƙon muryar, kalma da kalma, na ƙara a ƙasa cewa raha ce. Ba wanda ya tambaye ni wannan. Ni na sa da kaina, don in nuna ba mu da abin ɓoyewa.

Kwana biyu bayan haka, ina nan ban koma Kalgo ba, wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar gida. Mutum huɗu ne cikin kayan gida, ba su faɗi ofishin da ya turo su ba, har yau kuma ban sani ba. Babbansu yana riƙe da rahotona, na gane rubutuna daga nesa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ƙanena yana da mutane a ƙetare, na ce gaskiya ne, surukansa ne. Ya tambaya ko yana yawan zuwa can, na ce duk shekara, fataucin raguna. Aka kira Bello daga lambu inda yake gyaran wurin renon albasa, ya zo da laka har gwiwa. Suka karɓi wayarsa, suka ce tambayoyi ne kaɗan, kafin la'asar ya dawo. Bai dube su ba, ni ya duba.

"Yaya, in tafi?"

"Tafi," na ce. "Ba komai. Ina nan."

Ko ƙafa bai wanke ba ya shiga motar. La'asar ta yi, magariba ta yi, aka kwana, aka wuni. A rana ta uku muna zaune rediyon Inna yana kunne, sai muka ji ana sanar da cewa dakarunmu sun harbo jirgin leƙen asiri na abokan gaba, an kuma kama wani mutumin yankin da ake zargin shi ke yi musu jagora daga ƙasa. Ba wanda ya harbo komai, jirgin nan da kansa ya mutu ya faɗo, jakin Bello ma shaida ne. Ba a faɗi suna ba, amma a ƙasar Gwandu ba mai bukatar a faɗa masa.

Kun san ni ne ɗan fari, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, saboda alkunya. In za ta yi mini magana sai ta ce kai, in za ta ambace ni sai ta ce wancan na birni. Ranar nan ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

"Garba, ina ɗana?"

Ina da shekara sittin da ɗoriya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin lissafawa. Na kira hafsan nan, da farko yana ɗauka yana cewa in kwantar da hankalina, daga baya ya ce Baba, abin ya wuce hannunmu, waɗanda suka riƙe shi ko ni ban isa in tambaye su ba. Daga nan ya daina ɗauka. Na je Birnin Kebbi, aka ce ba a san zancen ba. Na je Abuja har sau huɗu, na tsaya a ƙofofin da na taɓa shiga ana sara mini, na nuna katin ritayata, masu gadi suka duba gaba da baya suka miƙo mini kamar na ba su tikitin mota. Na ɗauki lauya, ya rubuta takardu, aka amsa masa da layi ɗaya cewa magana ce ta tsaron ƙasa. Na rubuta wani rahoton, shafi bakwai, ina bayanin wane ne Bello da irin wasan da ke tsakaninsa da surukinsa. Na farkon ya isa inda za shi cikin kwana biyu. Wannan ban san ko akwai wanda ya buɗe shi ba.

A ƙauye kuwa gidan ya zama kamar na masu annoba. Waɗanda suka zo da guduma don su ɓalli fiffike su ne suka fara cewa dama sun daɗe suna zargi, me ya sa duk gonakin ƙasar nan sai tasa jirgin ya zaɓa. Mata suka daina shiga wurin Hadiza, in ta je rijiya sai hira ta mutu. Albasar da ya shuka ta ruɓe a lambu don ba wanda ya yarda ya yi masa aiki. Da watanni suka ja kuma, tausayi ya dawo wa mutane, sai zargin ya juyo kaina. Daga nan maganar lambar yabo ta samo asali. Inna ta kwanta da bazara. Na je na zauna kusa da ita kwana tara, tana karɓar ruwa daga hannuna amma ba ta ce mini komai ba, idonta kullum yana kan ƙofa. A haka ta cika.

Bayan rasuwarta da kamar wata biyu, gwamnatocin biyu suka shirya. Na gani da idona a talabijin, manya suna rungumar juna suna cewa mu 'yan'uwa ne, abin da ya wuce ya wuce. Aka buɗe iyaka, motocin albasa suka ci gaba da ƙetarawa. Wani tsohon abokin aiki ya faɗa mini cewa jirgin ma an sa shi a akwati an mayar wa masu shi cikin mutunci. Na ɗauka to yanzu za a sako Bello, tunda ko ƙarfen an sallame shi. Sai da ya ƙara wata bakwai. Ina jin mantawa aka yi da shi, don ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Wata Talata da rana wani direba da ya san ni ya yi sallama a ƙofar gidan nan, ya ce ga wani ya kawo mini, an sauke shi a tashar Kalgo yana ta ambaton sunana. Na fito na ga tsoho a tsaye, kai fari fat, ƙafafu a kumbure, riga tana yawo a jikinsa. Wallahi sai da na tambaye shi daga ina. Ya buɗe baki zai amsa, na ga haƙoran gaba babu, sannan na gane goshin mahaifinmu. Mahaifiyarku ta kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba, yana kallona. Sai can na fahimci izini yake jira. Na ce sha, Bello, sannan ya sha. Ya tambayi Inna. Na faɗa masa. Bai yi kuka ba, ya dai gyaɗa kai ya juya ya fuskanci bango, ya zauna haka har aka kira la'asar.

Na kai shi asibiti, suka ce ƙoda ta taɓu, huhu ma haka. Na mayar da shi gida wurin Hadiza da 'ya'yansa. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da aka yi masa ba, ni ma ban sami ƙarfin tambaya ba. Damina ɗaya ya yi. Ina zuwa duk Juma'a in zauna gefen tabarmarsa. Na so ya zage ni. Na so ya ce Yaya ka cuce ni, da na sami abin riƙewa. Wata rana bayan an sauko daga masallaci, ana yayyafi, ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya."

"Na'am, Bello."

"Abin ga da munka yi, ƙasar ta tsira?"

Na duba fuskarsa ina neman ba'a, irin tasa ta da, ban ga ko ɗigo ba. Da gaske yake tambaya. Yana so ya ji cewa abin da ya same shi ya tare wani sharri, ya ceci wani. Ni da na hana shi goge hoto don kada a yi ƙarya, na rasa gaskiyar da zan ba shi, na kuma kasa yi masa ƙaryar. Ya jira har ya gaji ya rufe ido. Kafin a yanke gero ya rasu.

Har yau in kun tambaye ni ko laifi ne sanar da hukuma cewa jirgin baƙi ya shigo mana, ba zan iya cewa laifi ne ba. Jirgin na gaske ne, leƙen asirin ma na gaske ne. Amma na kwana na tashi da wannan tunani shekaru, ban ga mutum ɗaya da ya amfana da abin da na yi ba, waɗanda suka cutu kuwa na san sunan kowannensu.

Da Hadiza ta fita takaba ta haɗa kayanta da 'ya'yanta biyar za ta koma wurin danginta. Na je na roƙe ta ta zauna, na ce gidan nasu ne, gonar tasu ce, ni zan riƙe yaran. Ta saurare ni har na gama, kanta a sunkuye, sannan ta ce, "Yaya, da ka bar shi ya goge." Na ce in kai su tasha, ta ce sun riga sun yi magana da mai mota.

Gonar tana nan, na ba wa wani yana nomawa, abin da aka samu ina aika musu, wani lokaci su karɓa wani lokaci ya dawo. Ba taku ba ce, kada ɗayanku ya sa ta cikin gado. 'Ya'yan Bello 'yan'uwanku ne ko sun gaishe ku ko ba su gaishe ku ba. In na mutu ku aika musu da labari tun kafin a kai ni. In ba su zo ba, kada ku riƙe su da komai.